A Hana Taron Dubiya, Amma A Bar Mai Jinya

Jama'a, ina so mu yi magana a kan wata doka wadda ta ɓata wa mutane da yawa rai a shekarar 2020, watau hana zuwa dubiya asibiti. Ran 27 ga Fabrairu na wannan shekara aka sami mutum na farko mai cutar korona a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, an kuma ba da umarnin tsare mutanen Legas da Ogun da Abuja a gida. Asibitoci da yawa suka taƙaita masu shiga, suka ɗage fiɗar da ba ta gaggawa ba, suka rage ganin marasa lafiya na yau da kullum. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa daga kan cutar. Ƙura ta lafa, yanzu ne ya kamata a zauna a auna abin da aka yi.

Ni a ganina, hana taron dubiya daidai ne. Kowa ya san al'adarmu: zumunta a ƙafa ta ke. Mutum guda ya kwanta, sai ka ga mutum goma sun kewaye gadonsa, wannan da kwanon fura, wancan da lemo, ana ta musafaha. Lokacin lafiya wannan abin yabo ne. Lokacin annoba kuwa, ɗan dubiya na iya kawo cuta ga wanda jikinsa ya riga ya yi rauni, ko ya kwashe ta zuwa gida bai sani ba. Mun gani da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969, ya kuma yaɗu cikin wani asibiti a Jos a 1970. Mun gani da Ibola a 2014, sa'ad da Likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti a Legas. Ita ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya kan mutum 20, 8 suka rasu. Lalle ƙofar asibiti, in an tsare ta, tana tsare gari duka.

To, amma akwai bambanci tsakanin ɗan dubiya da mai jinya, nan ne kuwa doka ta kan yi tuntuɓe. A yawancin asibitocinmu, wa ke kawo wa marar lafiya abinci? Wa ke zuwa sayo magani, ya wanke tufafi, ya nemo mai ba da jini, ya kira nas cikin dare? Ɗan'uwa ne. Ma'aikata ba su da yawan da za su ɗauki wannan aiki. In ka kori mai jinya tare da 'yan dubiya, ka bar tsoho da yunwa, ka bar mai naƙuda da fargaba. Saboda haka abin da ya dace shi ne a bar wa kowane marar lafiya mutum guda, a ba shi takardar shaida, a koya masa wanke hannu da sa takunkumi, kada kuma a riƙa musanya shi kullum. Sauran dangi su gaishe shi ta waya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. In an ce kada a zo dubiya, jama'a su kan ji kamar an ce kada a zo asibiti. Mata su bar awon ciki, uwaye su bar kai yara allurar rigakafi, masu hawan jini da ciwon sukari su yi zamansu a gida har abu ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2020 yara miliyan 23 a duniya ba su sami cikakken rigakafi na yau da kullum ba. Ga shi daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a ƙasar nan, ya fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ya kama kuwa yaran da ba a yi wa allura ba ne. Gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Awon ciki, da ɗakin haihuwa, da rigakafin yara, bai kamata a rufe su ba ko da wace annoba ce. A ware musu ƙofa dabam, a kuma sanar a rediyo da harshen da mutane ke ji.

Ina ruwanmu da wannan, mu da ke koyon aikin malanta? Ruwanmu babba ne. A ƙauyuka da yawa, malamin makaranta a ke kai wa takardar gwamnati ya karanta ya fassara. Abin da ka faɗa wa yara da safe, da dare ya isa gida hamsin. Ka nuna musu cewa wanda ya ƙi zuwa dubiya lokacin annoba bai yanke zumunci ba, wanda kuma ya kai ɗansa allura bai karya doka ba. Annoba ba ta sallama in za ta zo. Mu shirya tun yanzu, rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyashe mu, amin.