Ku daina zuba kuɗi a gyaran Remington 700

1/ Duk mai bin gasar harbin nesa ta Amurka a YouTube ya san wannan gardamar: ka sayi gidan sakata na kamfani ka kai maƙeri ya daidaita, ko ka sayi na musamman? Ni dai na tsaya a kan cewa daidaitawar nan asarar kuɗi ce yanzu. Ku biyo ni.

2/ Ga sababbin shiga: gidan sakata shi ne ƙarfen tsakiyar bindiga, wanda sakata ke shiga ta kulle harsashi. A nan ake ɗaura bututu, a nan kunama take, a samansa madubin saiti ke zama. In ya karkace, komai ya bi shi.

3/ Remington 700 ta fito a 1962. Bindigogin gwanayen harbi na sojan Amurka, M24 da M40, a kanta aka gina su. Ba na raina ta. Amma kamfani mai buga dubbai ba zai tsaya auna kowace ɗaya kamar maƙerin zobe ba.

4/ Shi ya sa ake daidaitawa. Maƙeri ya ɗora ta a inji, ya share fuskarta ta miƙe, ya sake yanka tiredin da bututu ke shiga, ya goge kunnuwan sakata biyu har su zauna daidai. A da wannan dabara ce mai kyau, don zaɓi bai da yawa.

5/ Yanzu fa? Yi lissafi. Kuɗin ƙarfen, kuɗin maƙeri, sabuwar kunama, sabon hannun sakata, layin ɗaura madubi, ga watannin jira. Kafin ka ankara ka kusa kuɗin na musamman, alhali akwai irinsu da ba su kai dala 1,000 ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

6/ Babbar matsalar ma bututu ne. A gasar PRS, wadda ta fara a 2012, yawancin na gaba-gaba harsashi mai milimita 6 suke harbawa, shi kuwa cin bututu yake. Bututu kamar taya ne, canza shi dole ne.

7/ Na musamman, irin na Impact Precision ko Defiance ko Zermatt, ma'auninsu ɗaya ne daga wannan zuwa wancan. Sai ka yi odar bututu da aka riga aka yanka, ka ɗaura, ka auna, shi ke nan. Wadda aka daidaita kuwa tiredinta ya faɗaɗa, ta zama ita kaɗai a duniya. Duk canji sai an koma ga maƙeri ko ma'aunin da ya rubuta.

8/ Sai ranar sayarwa. Mai saye bai ga aikin da aka yi a ciki ba, bai san hannun wanda ya yi ba. Remington zai gani, farashin Remington zai taya. Kuɗin gyaranka sun tafi.

9/ Za ku ce, ai wadda aka daidaita tana harbi daidai da ta musamman. Gaskiya ne, ban musa ba. Rabin inci a yadi 100, duka biyun suna iya yi. Amma wannan hujjata ce, malam. In sakamakon ɗaya ne, me zai sa in ɗauki mai wahalar canjin bututu, mai faɗuwar daraja?

10/ Su ma masu cika baki da na musamman, ku saurara. Gidan sakata ba ya karanta iska. Bututu, harsashi da mai harbi su ke kai harsashi ƙarfen da ke yadi 1,000. Abin da kuka saya santsi ne da sauƙi, ba gwaninta ba.

11/ Mai ƙaramin ƙarfi kuma kada a ruɗe shi. Tikka ta ƙasar Finland tana fitowa daga kwali da santsinta. Ya bar ta yadda take, ragowar kuɗin su tafi madubi mai kyau da harsashin atisaye.

12/ Wuri ɗaya na yarda da daidaitawa: 700 ɗin tana hannunka tuntuni, ko gadon mahaifi ce, kuma lokacin canza bututu ya yi. Nan kam a yi mata, tunda tana kan inji.

13/ Amma ka fita da kuɗinka ka sayi sabuwa don kawai ka kai a gyara? Haba dai. Mai ja ya zo da lissafinsa, dala bayan dala, ina nan ƙasa ina jira.