Suleja Da Batun Mata A Aikin Tsaro

Ran 8 ga watan Afrilu na 2011, ana jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe da ke Suleja, ya hallaka mutum fiye da 10, cikinsu har da matasa masu bautar ƙasa. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara wani ya tashi a majami'ar St. Theresa ta Madalla, aka rasa rayuka fiye da 30. Kafin shekarar ta ƙare Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a ƙaramar hukumar Suleja, aka kakkafa shingaye a kan hanyoyi, ana tsai da motoci ana bincike.

A irin waɗannan shingaye ne wata tambaya ta taso wadda har yau ba a gama amsa ta ba: idan aka sauko da mace daga mota, wa zai bincike ta? Kurtu namiji ba shi da hurumin taɓa matar aure, in kuwa ya taɓa to ya tayar da wata fitinar. Tun daga 2014, sa'ad da Boko Haram ta fara ɗaura wa 'yan mata bam, wannan tambaya ta zama ta rai da mutuwa. Bayan shinge kuma akwai caji ofis. Matar da aka yi wa fyaɗe, ko uwar da ta ga ɗanta ya soma hulɗa da baƙin fuska, da wuya ta buɗe baki gaban kofur namiji, balle wanda ba ya jin Hausa. Sai ta koma gida da labarinta, alhali kuwa sau da yawa labarin nan shi ne abin da hukuma ke nema ruwa a jallo.

A kan takarda Gwamnatin Tarayya ta san da haka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudiri mai lamba 1325 a watan Oktoba na 2000, inda ta bukaci a sa mata cikin aikin tsaro da zaman sulhu. Sai a 2013 Nijeriya ta fito da shirinta na farko na aiwatar da shi, watau bayan shekara 13, ta sake wani a 2017. Rundunar 'yan sanda ta yi nata tsari game da mata a 2010, sojoji suka yi nasu a 2021. An kuma sami ɗan motsi: Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta karɓi 'yan mata na farko a sahun mayaƙa a 2011, kuma Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojan sama. Amma daga ma'aikatun da aka rubuta waɗannan takardu zuwa Suleja tafiya ce da ba ta kai sa'a guda ba a mota, kuma mai sayar da doya a kasuwar Madalla ba ta ga abin da suka canza mata ba. Shirin da ba a ware masa kuɗi ba, ba a kuma sauko da shi ƙaramar hukuma ba, ado ne kawai na ranar taro.

Laifin bai tsaya ga gwamnati ba. Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a ƙasar nan, amma magidantan Arewa da yawa har yanzu suna ganin kaki a jikin 'ya mace abin kunya ne. A da suna da 'yar hujja, domin dokokin aikin sun wulaƙanta mace: sai ta nemi izinin kwamishina kafin ta yi aure, ana kuma korar wadda ta yi ciki ba aure, ba a tambayar namijin kome. Babbar Kotun Tarayya ta soke sharaɗin izinin aure a 2012, Kotun Ma'aikata ta soke na korar a 2023. Abin da ya rage na tsoro, watau wurin kwana a bariki da kai mace aiki nesa da mijinta, abu ne da za a matsa wa hukuma ta gyara, kuma ba za ta gyara domin mutanen da ba su shiga ba.

Abin mamaki ne ma a ce sai an yi wa mutumin Suleja wa'azi a kan wannan. Sarautar garin daga tsohuwar Zazzau ta fito, ƙasar da Sarauniya Amina ta ja wa runduna. A garin ne Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane a 1954, ita ce mace ta farko a cikinta, ga hotonta nan a takardar naira 20.

'Yan Arewa mazauna Sabon Ibadan da Agege da Idi Araba da Shagamu sun fi kowa sanin tsadar wannan giɓi. Rikicin Shagamu na 1999 a kan mace Bahaushiya ya faro, lokacin bikin Oro. A kasuwar Shasha a 2021 mata da yara ne suka kwana a tsakar gidan Sarkin Shasha bayan an ƙone rumfuna. In ƙura ta lafa, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ke zama da hukuma, matan da suka san inda magana ta fara kuwa suna cikin ɗaki. Babu dokar da ta hana kowane Sarkin Hausawa ya naɗa dattijuwa biyu ko uku cikin majalisarsa ta sulhu, kuma ba sai ya jira takarda daga Abuja ba.

Ɗaukar kurata bisa jiha da ƙaramar hukumar asali ake yin sa. Yarinyar da aka haifa a Agege, ta ci jarrabawar sakandare da kiredit 5, tana jin Hausa da Yarabanci da Turanci, gurbin Suleja ko Bida ko Kontagora za ta nema da takardar shaidar garin ubanta. Shekarun da ake bukata 18 zuwa 25 ne. Takardar nan kuwa sai uban ya yarda ya hau mota ya je gida ya karɓo mata.