KAMFANONIN WAYA SU FITO DA MUDUNSU FILI

Jama'ar Bodinga da Shagari, ku da kuke cin kasuwa kun sani, wanda ya zo da gero da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, gaban sarkin kasuwa ake kai shi. To, shin me ya sa kamfanonin waya suke auna mana da mudu barkatai, ba mai ce musu uffan?

Ga yadda abin yake. Wannan ya ce kwabo 20 a sakan, alhali naira 12 ke nan a minti. Wancan ya ce mintin farko da tsada, saura da araha. Wani ya ba ka kyautar kati, amma in ka kira da ita farashi ya ninka, bayan 'yan kwanaki kuma ta ƙone. Data ma haka: ta yini, ta mako, da ta tsakar dare sa'ad da mai neman abinci yake barci. Duk da Turanci. Ko mu da muka zauna aji, sai mun ɗauki fensir da takarda, balle mai albasa da ke son jin farashin Sakkwato kafin ya ɗora buhu a mota.

A 2024 hukumar NCC ta ce ta sauƙaƙa: kada kamfani ya wuce tsari 7 da ƙunshi 100. Haba! Manyan kamfanoni huɗu ne, ƙunshi 400 ke nan. Wannan ne sauƙi? A Janairun 2025 kuma hukumar nan ta yarda a ƙara kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. A Fabrairu MTN ta mai da 15GB na mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, sai da jama'a suka yi ca sannan ta ba da haƙuri.

Kada a ce mana ba ya yiwuwa. Da can sun ce lissafin sakan-sakan ba zai yiwu da wuri ba, Glo ta kawo shi a 2003, nan da nan saura suka bi.

Abin da muke nema: kuɗin minti ɗaya, da na 1GB, da ranar ƙarewarsa, a rubuce da Hausa, boko da ajami, a manne a rumfar kowane mai sayar da kati. Wakilanmu na majalisar tarayya da suka zo neman ƙuri'a, mu tare su da wannan magana ran da suka sake zuwa.