Man Giya Ba Ya Tsufa? In Ji Wa?

Malam, ka rubuta cewa man giya da na aksul ba sa buƙatar canji muddin ba sa yoyo. Haba! Hilux ɗin da ke ratsa rafi da damina fa? Aksul ya ɗau zafi, ya faɗa ruwan sanyi, sai ya zuƙi ruwa ta kafar iskarsa. Kwance notin ƙasa ka gani: man ya koma kamar kunun gyaɗa, ga garin ƙarfe maƙale a maganaɗisun notin. Motar daji, in ta ci kilomita 40,000 a juye mata. In ta yi iyo kuwa, ranar za a duba. Kuma kada bakanike ya ɗura GL-5 inda littafin motar ya ce GL-4, domin yana iya cin tagullar cikin giya.