Kwamfutar da ba ta barci, wa ke biyan wutarta?



Ku leƙa ta tagar wani biro ko shagon buga takardu bayan magariba. An kulle ƙofa, kowa ya tafi gida, amma kwamfutoci na nan kunne, kifaye ko furanni na yawo a allo. Da yawanmu mun ɗauka waɗannan hotuna tsimin wuta ne. Ina! Na'urar tana shan kuran ɗinta kamar akwai mai aiki a gabanta.

Mu yi lissafi. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana iya shan wat 100. Daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe awa 14 ke nan. In guda 10 ne a biron, kilowat-awa 14 a dare guda, fiye da 400 a wata, ba a buga ko harafi ɗaya ba. Da an bar su sun yi barci, kowace ba za ta wuce wat 2 ko 3 ba. Kuma fa a ƙasar da a da babban rabon wutarta daga Najeriya yake zuwa. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, da aka yanke layin, yadda muka zauna cikin duhu.

Abin da ke kawo haka sananne ne. Yawanci mai gyara ne ke saka Windows, ya ɗora na'urar kan cikakken ƙarfi, ya hana ta barci, don kada a kira shi gobe a ce ta mutu ita kaɗai. Mai kayan bai ma san akwai wurin canzawa ba. Alhali yana nan cikin saituna, wajen da ake kula da wuta da batir. Hanyoyi uku ne: ta tsimi, ta tsaka-tsaki, da ta cikakken ƙarfi.

Mai buga wasiƙa, mai lissafin shago, ɗalibi mai karatu, tsaka-tsaki ta ishe ku. Tana ƙara gudu in aiki ya yi nauyi, ta sassauta in ya ragu. Cikakken ƙarfi don buga wasiƙa, ai kamar a ɗauko tirela ne a kai buhun gero guda kasuwa. Ga zafi kuma. A watan Afrilu da Mayu, fankar cikinta ta cika da ƙurar hunturu, na'ura ta yi ta gurnani har ta kashe kanta. Sai a ce an yi mata baki.

Amma ba mu tare da masu cewa a sa tsimi ko'ina. Mu a gidan rediyo mun san kwamfutar da ke fitar da shiri ba a barin ta ta yi gyangyaɗi, in ba haka ba sai ku ji tsit a akwatunanku. Tsarin tsimi yana rage gudun na'ura, wani lokaci har ya katse wa abin da aka jona mata wuta, sauti ya riƙa tsinkewa. Mai haɗa bidiyon biki ma, in ya jona da wuta, ya ba ta ƙarfinta ta gama da wuri.

Mai kwamfutar hannu, ka lura saitin gida biyu ne: in tana jone, da in tana kan batir. A kan batir ka rage hasken allo, don yana cikin manyan masu cinye caji, ka sa ya mutu bayan minti 5, barci bayan minti 15. Wannan kaɗai na iya kai ka har a maido wuta.

Barcin ma iri biyu ne. Ƙarami yana riƙe aikinka ne muddin akwai wuta. Kwamfutar tebur da ba ta da ondiler, in aka ɗauke, abin da ba ka adana ba yana iya tafiya. Dogon barcin kuwa yana rubuta komai cikin ma'ajin na'ura kafin ta mutu, ko an kwana ba wuta ka tarar da shi inda ka bari. A garuruwanmu shi ya fi dacewa da hutun azahar.

Shugabannin ma'aikatu, ku ba mai gyaranku rabin yini ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wadda za ta kwana kunne da dalili. Sauran a kashe su kafin a kulle ƙofa, sannan ku gwada takardar kuɗin wuta ta wata mai zuwa da ta wannan watan.