FILIN KIWO: Tarwaɗa kurar ruwa ce

A manyan birane akwai masu ajiye kifi cikin akwatin gilashi, su dasa masa ciyawar ruwa don ado. A ƙasar Adarbisinat, kan hanyar Agadas zuwa Damagaram, ruwa yana da wuya. Mai sha'awar wannan kiwo sai dai ya gina tafkin siminti kusa da rijiya ko famfo. Gilashi ko siminti, doka ɗaya ce: babban kifi yana cin ƙarami.

Tarwaɗa ta fi dacewa da irin wannan wuri, don tana shaƙar iska a bisa ruwa, kuma tana jure ruwa mai dauɗa. Amma mafarauciya ce. Duk abin da ya shiga bakinta abinci ne: kwaɗo, ƙwari, ƴaƴan karfasa, har ƙannenta. Wanda ya zuba ƙanana tare da manya ya ba kura ajiyar nama.

Giwan ruwa kuwa ba na tafkin gida ba ne. Tsawonsa yana kusan metir 2, nauyinsa yana wuce kilo 100. Bayan shekara ta 1950 aka zuba shi a tafkin Biktoriya, can gabashin Afirka. Daga 1980 ya yi yawa ƙwarai, har ƙananan kifaye wajen iri 200 suka ɓace. In ya yi haka a tafkin da ƙasashe 3 ke raba, ina ga ɗan tafkin siminti?

Ga abin da mai kiwo zai kiyaye:

1. Kowane sati 2 ya tace ƙananan kifinsa, ya ware waɗanda suka fi girma. Tsara da tsara ake haɗawa.

2. Ya ba su abinci safe da maraice. Yunwa ce ke sa su cin juna. Amma kada ya cika, don saura yana ruɓar da ruwa.

3. Tarwaɗa tana tonon laka, tana tumɓuke shuka. Sai a dasa bado cikin tukunya, a danne bakinta da duwatsu. Kainuwa tana ba da inuwa da maɓoya ga ƙanana, amma a riƙa rage ta kada ta rufe ruwan duka.

4. A rufe tafkin da raga. Tarwaɗa tana fitowa da dare, tsuntsaye kuma suna ɗauka da rana.

5. Lokacin ɗari kifi ba ya ci sosai. A rage abinci har zafi ya dawo.

Ruwan da aka canja ba na zubarwa ba ne, taki ne. A kai shi lambu, tumatir da albasa su sha.

Makiyayi ba ya barin ƴaƴan awaki inda kura ke yawo. Mai kifi ma ya yi haka, sai ya ƙirga dukiyarsa ta cika ranar kamu.