Kafin Mu Sayi Kwalabe

'Yan'uwa manoma, ruwa ya sauka, shuka ta kama, wasunmu har sun shiga noman fari. Wannan shi ne lokacin da gona ke da kyaun gani, rumbu kuwa ba ya son a leƙa shi. Daga yanzu har gero ya nuna a ci tumu, ko acca ta isa yanka, akwai wajen wata uku, kuma kowace uwar gida ta san nauyin watannin nan fiye da mu maza. Saboda haka nake so in sa baki cikin wata magana da ta taso a taron ƙungiyarmu, wadda na ji tana yawo a wasu ƙungiyoyi kuma.

Maganar ita ce a ɗebi kuɗin ƙungiya a sayo kwalabe masu murfi da babbar tukunya, domin matanmu su koyi ajiye kayan lambu cikin kwalba yadda ake yi a Amurka. Wanda ya kawo shawarar ɗanmu ne, mai himma, kuma da kyakkyawar zuciya ya kawo ta. Ya ga hotunan gidajen manoman can, kanta cike da kwalabe ja da kore da rawaya, ya ce me zai hana mu. Ni ban ce kada a yi ba sam. Na ce a dakata, ga dalilina.

Sai mu fara da tambayar abin da ya sa su suke yi. A yawancin ƙasar Amurka akwai watanni na sanyi mai tsanani, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ko ganye ɗaya ba ya tsirowa. Lambunsu yana fara bayarwa wajen watan Yuni, ya cika a Agusta da Satumba, daga nan sai shiru har wata shekara. Dole su kama abin da ya zo a lokacinsa su rufe. Dabarar kanta daga Faransa ta fito. Wani mai dahuwa, Nicolas Appert, shi ya gano cewa in aka zuba abinci a kwalba aka toshe, aka dafa kwalbar cikin ruwa, abincin yakan daɗe bai lalace ba. A 1810 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi ladan faran 12,000, ya kuma buga littafi a kan aikin. A 1858 wani Ba'amurke, John Mason, ya fito da kwalba mai murfin murɗawa, wadda har yau ake kira da sunansa. Tun daga nan matan ƙauyukansu suka gaji aikin daga iyaye, suna da kwalabe masu jure wuta, da murfi na musamman wanda ake saye sabo kowace shekara, da littattafan da ke faɗin minti nawa za a dafa kowane abu.

Mu kuwa Allah ya ba mu abin da bai ba su ba, watau rana da iskar hunturu. Kakanninmu ba su san kwalba ba, amma sun san kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir da daddawa da kilishi. Abin da Bature ke nema da kwalba, mu mun same shi da tabarma.

To, ba wannan kaɗai ba ne. Akwai haɗari cikin aikin kwalba wanda hotuna ba su nunawa, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin ƙasar da muke nomawa akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Kulostiridiyam botulinam. A fili ba ta yin kome, gama ba ta son iska. Amma in ta sami wuri rufaffe mai laima, marar iska, marar tsami, sai ta farka ta zuba dafi wanda ke cikin mafi muni da aka sani a duniya. Kwalbar kuɓewa ko wake ko masara ko nama ko ganye da aka toshe, wannan wurin ke nan daidai. Irin ƙwayar nan ba ya mutuwa da tafasar ruwa, wadda ba ta wuce digiri 100. Sai an kai wajen digiri 116, wannan kuwa ba ya samuwa sai da tukunya ta musamman mai kulle tururi da ma'auni a kanta. A kan duwatsun Jos ma abin ya fi wuya, domin a tudu irin wannan ruwa yakan tafasa tun yana wajen digiri 96. Babban abin tsoro shi ne, sau da yawa abincin ba ya wari, ba ya sake kama, ɗanɗanonsa na nan. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu mutum ya fara ganin abu bibbiyu, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya soma tsayawa.

Kada wani ya ce ai wannan sai ga jahilai. A watan Afrilu na 2015, a garin Lankasta na jihar Ohayo, wata ikkilisiya ta yi cin abinci tare bayan sujada, kowa ya kawo nasa, kamar yadda mukan yi ranar godiyar kaka. Cikin abincin akwai dankali da aka ajiye a kwalba a gida, aka dafa kwalbar cikin ruwan zafi kawai, ba cikin tukunyar tururi ba. Mutum 29 suka kamu, har aka yi rashin rai. Wannan fa a ƙasar da asibiti ke kusa, da maganin dafin, da injin taimakon numfashi. Ku duba nisan da ke tsakanin ƙauyenku da babban asibiti a tsakiyar damina, sa'ad da rafi ya cika, sa'an nan ku ba kanku amsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abu ɗaya na yarda a sa a kwalba, shi ne tumatir, domin yana da tsami, tsami kuwa yana hana ƙwayar nan farkawa. Ko shi ma masana sun ce a ƙara masa, babban cokali biyu na ruwan lemun tsami a kwalba mai cin lita ɗaya. A dafa tumatirin, a zuba shi da zafinsa, a rufe da sabon murfi, a nutsa kwalbar duka cikin ruwa mai tafasa minti 50, a ƙasar tudu kamar Jos minti 55. Kada a haɗa shi da albasa da tattasai da attarugu a ce an yi kayan miya, domin su ba su da tsami, suna rage na tumatirin. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai, gama haɗin nan shi ne kowa ke sha'awa. Amma lokacin wannan aiki ba yanzu ba ne. Lokacinsa rani ne, Janairu zuwa Maris, sa'ad da tumatirin fadama ke zubewa a kasuwa ana roƙon mai saye. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka, ya san amfanin ajiya. Sai dai a shekarar nan ma gidajen da suka ci miya ja, yawancinsu masu kauɗa ne a buhu.

Yanzu bari in zo ga abin da nake so mu kashe kuɗinmu da hankalinmu a kansa, wanda yake gabanmu a wannan wata, muna tattake shi da ƙafa.

Mako biyu ko uku bayan ruwan fari, tafasa ta fito a bakin hanya da makiyaya. Ga lalo, ga karkashi, ga gasaya da zaƙi-banza a tsohon juji, ga yaɗiya a kan shinge, ɗinya ta yi ɗinkin, kuka ta yi sabon ganye, kaɗanya tana zubar da 'ya'ya. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya sa musu taki. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 za su gaya muku gidaje nawa ne tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli suka riƙe har aka ga sabon hatsi. Amma yau an mai da su abincin kunya. Na taɓa sauka a wani gida da aikin ikkilisiya, ina jin uwar gida tana raɗa wa 'yarta ta ɓoye ƙwaryar kwaɗon rama kada baƙo ya gani, aka aiki yaro ya sayo taliya bashi. Na ci taliyar don kada in kunyata su, amma raina yana ga ƙwaryar.

Wannan kunya ba ta da tushe. Ma'aikatan lafiya suna koya mana cewa ganye mai duhun kore yana ɗauke da abin da ke tsare ido daga dundumi, da abin da ke ƙara jini, waɗanda mai ciki da mai goyo da yaron da aka yaye suka fi kowa bukata. Jiki kuwa ya fi cin moriyar ganyen in an haɗa shi da ɗan mai. Ashe tsohuwar da ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ta riga likita sani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma akwai abin da ya sake, dole mu faɗa wa juna gaskiya. Dā mace takan bi bayan mai noma ta tsinci ganyen miya a cikin kunya da gefen gona. Yanzu famfon feshi ya shiga kowane gida. Maganin ciyawa bai san tafasa ba, bai san lalo ba, duka ciyawa ce a wurinsa. Muna feshe gona, mu feshe iyaka, mu feshe bakin hanya har gindin katangar majami'a. Hasara biyu ke nan. Ta fari, ganyen yana ƙarewa, mata suna ƙara nisa kafin su cika ƙwarya. Ta biyu ta fi muni: wani maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan kwanaki, ganye yana nan kore shar, yarinya ta zo ta tsinka ta kai gida. Wanda ya yi feshin ɗan'uwa ne, a benci ɗaya suke zama da uban yarinyar ranar Lahadi, bai kuwa yi nufin mugunta ba. Bai dai faɗa wa kowa ba ne. Ban ce a bar feshi ba, na san tsadar ƙwadago. Na ce ƙungiya ta sa doka: wanda ya yi feshi ya kafa sanda da jan ƙyalle a gonar, a kuma keɓe wurare, kamar filin ikkilisiya da gefen makaranta da hanyar rijiya, inda ba za a fesa kome ba. Dokar Musa ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaƙaf, domin matalauci da baƙo su sami kala. Ban ga ya yi mana wuya mu bar taku biyu a bakin gona ba.

Haka kuma yara su koyi ganye daga bakin tsofaffi tun suna nan. Yaron da bai iya raba tafasa mai zagayayyen ganye da rai-ɗore mai tsinin ganye ba, ko bai san zaƙami abin gudu ba ne, bai kamata a aike shi jeji shi kaɗai ba. Naman kaza kuma, in ba wanda ya san shi sarai ne ya tsinko ba, a bar shi inda yake. Zumuntar Mata za ta iya ba da yamma ɗaya ga wannan, a zagaya da 'yan mata a nuna musu da hannu.

Sa'an nan garka. Kowane gida yana da ɗan fili a bayan ɗaki inda ruwan wanke-wanke ke bi. A kewaye shi da darni saboda awaki, a zuba takin juji da ya ruɓe, a yafa alayyafo, wanda ake fara tsinka cikin mako huɗu, da rama da yakuwa, a sa kuɓewa da kabewa a gefe. A dasa sandunan zogale su zama shinge, yanzu da ƙasa ke da laima za su kama. Kada a yafa irin duka rana ɗaya, a riƙa sa kaɗan bayan kowane mako biyu, don kada ya zo gaba ɗaya ya tsufa gaba ɗaya. Abin da ke kashe garka ba rashin sani ba ne, rashin shinge ne, shinge kuwa aikin maza ne. Mu daina cewa lambun miya sha'anin mata ne alhali da mu ake shan miyar.

Wani zai ce, to, shanya fa da damina? Gaskiya ne, nan wuyar take. Ganyen da aka baza a ƙasa cikin laima yakan yi fumfuna, wanda aka baza a tsakar rana kuma yakan koɗe, amfaninsa ya ragu. Abin da na gani yana aiki shi ne gadon shanya: ƙafafu huɗu na itace masu kai ƙugu, a ɗaura tsohon gidan sauro wankakke ko asabari a kai, a ajiye shi a rumfa ko ƙarƙashin rufin kwano inda iska ke ratsawa. A wanke ganye, a tsame, a baza shi ba kauri, a riƙa juyawa. In ya bushe har yana karyewa a hannu, a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi, a ajiye inda ba haske. In sama ta ƙi buɗewa kwana da kwanaki, a ci na ci ɗanye, a bar babbar shanya sai ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, sa'ad da rama da kuka da kuɓewa suka yi yawa iska kuma ta fara bushewa. Kome ya yi fumfuna a zubar, kada a ce za a kankare.

Ga abin da zan kawo a taro mai zuwa, ina kuma roƙon sauran ƙungiyoyi su duba shi. Kuɗin da aka yi niyyar kai wa kwalabe a raba shi uku. Kashi ɗaya a ba kafinta ya yi gadajen shanya a ajiye a rumfar ikkilisiya, kowace mace ta yi amfani da su bi da bi. Kashi ɗaya a sayi irin alayyafo da rama da kuɓewa a raba, da sharaɗin kowa ya mayar da iri da kaka. Kashi na uku ma'aji ya riƙe har Janairu. In tumatir ya faɗi, a sayi kwalabe kaɗan na gaske da sabon murfi, a nemo malamar da ta koyi aikin sosai ta tsaya a kai, a gwada da tumatir kaɗai, a rubuta ranar a jikin kowace kwalba. Ɗanmu da ya kawo shawarar, shi nake so a ba riƙon littafin wannan gwaji.